Rangwamen Haraji da Yawon Masu Shirya Fim: Waiwaye a Kan Gasar Jihohin Amurka

1.0 Gabatarwa

Duk mai kallon fina-finan Amurka da ya taɓa yin haƙuri ya zauna har ƙarshen jerin sunayen da kan biyo bayan fim, wataƙila ya ci karo da hoton wani ɗan itace mai kama da ƙaramin mangwaro, an rubuta sunan jihar Jojiya a jikinsa. Yawancinmu mukan ɗauka ado ne kawai, ko wata hanya ta yin godiya ga masu masauki. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan ɗan hoto kuɗi ne, domin saboda shi gwamnatin jihar take ƙara mayar wa masu fim kashi 10 cikin ɗari na abin da suka kashe a ƙasarta, bayan kashi 20 da doka ta riga ta ba su.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin wannan al'ada ta rangwamen haraji da jihohin Amurka suke yi wa masu shirya fim. Za mu dubi yadda take aiki, da inda ta samo asali, da yadda ta bazu, da kuma abin da ta haifar na riba da hasara. A matsayinmu na ɗaliban adabi muna da wani dalili na musamman, domin kamar yadda za mu gani, lissafin baitulmali ya kai ga yana zaɓar wa marubuci garin da labarinsa zai faru.

2.0 Yadda Rangwamen Yake Aiki

Rangwamen da muke magana a kai ya bambanta da yafe harajin riba da muka saba ji. Kamfanin da ya zo ɗaukar fim baƙo ne, yakan yi wata biyu ko uku ya tafi, kuma sau da yawa babu wani harajin kirki da jihar take bin sa da har za a ce an yafe masa. Saboda haka sai jihohi suka ɓullo da dabara biyu. Ta farko, jiha ta lissafa kason da ta yi alkawari, ta cire ɗan harajin da take bin kamfanin, ragowar kuma ta biya shi da tsabar kuɗi. Jihohin New York da New Mexico wannan hanya suka bi. Ta biyu, jiha ta ba kamfanin takardar rangwame wadda yake da ikon sayar wa wani attajiri ko wani kamfani na jihar da ke da haraji mai yawa a kansa. Wannan ita ce hanyar da Jojiya ta ɗauka.

Bari mu kawo misali domin a fahimta. A ce wani kamfani ya kashe dala miliyan 10 a jihar da ke ba da kashi 30 cikin ɗari. Za a ba shi takarda ta dala miliyan 3. In ya sayar da ita da ragi, a ce santi 90 a kan kowace dala, zai karɓi dala miliyan 2.7 a hannu. Shi kuwa wanda ya saya zai miƙa takardar ga hukumar haraji a matsayin dala miliyan 3 cur. Mai fim ya samu, mai saye ya samu, dillalin da ya haɗa su ma ya sami la'ada. Baitulmalin jiha kuwa ya rasa dala miliyan 3 da ya kamata su shigo. Ke nan ko da sunan rangwame aka kira abin, a zahiri tallafi ne daga aljihun jama'a.

3.0 Asalin Yawon Masu Fim

Sanin kowa ne cewa waiwaye adon tafiya ne. Idan muka koma farkon ƙarni na ashirin, za mu tarar cewa ita kanta Holiwud ƙaura ce ta haife ta. Da farko a New York da garin Fort Lee na jihar New Jersey ake shirya yawancin fina-finan Amurka. A shekarar 1908 Thomas Edison da abokan cinikinsa suka kafa haɗakar kamfanoni mai riƙe da haƙƙin mallakar na'urorin ɗaukar fim, suka matsa wa ƙananan kamfanoni da shari'a. Wannan matsi, tare da hasken rana da arhar fili da ake samu a kudancin Kalifoniya, ya sa masu fim suka yi yamma. A 1911 aka buɗe situdiyo na farko a unguwar Holiwud.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake wani yawon. Ƙasashen Turai irin su Birtaniya da Italiya da Faransa, saboda ƙarancin dala, sun taƙaita yawan ribar da kamfanonin Amurka za su iya fitarwa daga ƙasashensu. Da kuɗi suka maƙale, sai kamfanonin suka ga gara su kashe su a can. Ta haka aka ɗauki Roman Holiday na 1953 da Ben-Hur na 1959 a birnin Roma. Birtaniya kuma ta ƙirƙiro wani ɗan haraji a kan tikitin shiga silima a 1950, wanda ake raba kuɗinsa ga fina-finan da aka shirya a ƙasar. Kamfanonin Amurka suka buɗe rassa a Landan suka ci moriyarsa, har zuwa 1985 da aka soke shi.

Amma abin da ya tayar da gasar da muke nazari shi ne matakin da Kanada ta ɗauka. A 1997 gwamnatin tarayyar ƙasar ta kafa rangwame na musamman domin baƙin kamfanoni, wanda ke mayar musu da kashi 11 cikin ɗari na albashin da suka biya 'yan Kanada, daga baya a 2003 aka ɗaga shi zuwa kashi 16. Larduna irin su British Columbia da Ontario suka ɗora nasu a kai. Ga shi kuma dalar Kanada ta yi rauni, har a 2002 ta faɗi zuwa kimanin santi 62 na Amurka. Nan da nan biranen Vancouver da Toronto suka cika da masu ɗaukar fim. A 1999 ƙungiyar daraktoci da ta 'yan wasan Amurka suka sa aka gudanar da wani bincike, wanda ya ƙiyasta cewa wannan ƙaura ta jawo wa tattalin arzikin Amurka hasarar dala biliyan 10.3 a shekarar 1998 kaɗai. Ko da yake masu ƙorafin ne suka ɗauki nauyin binciken, adadin ya shiga kunnen 'yan siyasa.

4.0 Luwiziyana Ta Buɗe Ƙofa

Jihar Luwiziyana ta yi wata doka ta jawo masu fim tun 1992, amma ba ta yi wani tasiri ba. A 2002 ne aka sabunta ta, kuma daga nan al'amari ya sauya. A wannan shekara New Mexico ta shigo da nata tsarin. New York ta biyo baya a 2004, Jojiya a 2005, Massachusetts a 2006. Kowace jiha ta ga maƙwabciyarta tana karɓar baƙi da manyan motocin kaya da fitilu, sai ta ji kada a bar ta a baya. Kafin ƙarshen 2009 jihohi 44 daga cikin 50 suna da wani nau'i na tallafi, kuma wata cibiyar nazarin kasafin kuɗi da ke Washington ta ƙiyasta cewa a shekarar kuɗi ta 2010 jihohin sun ware kimanin dala biliyan 1.5 domin wannan harka.

Ita kanta Kalifoniya, uwar masana'antar, dole ta sa ta shiga layi. A 2009 Gwamna Arnold Schwarzenegger, wanda shi ma ɗan fim ne, ya sa hannu a kan shirin dala miliyan 100 a shekara. Wannan bai tsayar da ƙaurar ba. Ƙididdigar ofishin da ke ba da izinin ɗaukar fim a Los Angeles ta nuna cewa daga cikin manyan fina-finai 108 da aka saki a 2013, an ɗauki 18 a Luwiziyana, 15 a Kalifoniya. Shekara guda bayan haka, a 2014, Gwamna Jerry Brown ya ɗaga adadin zuwa dala miliyan 330 a shekara.

5.0 Mishigan da Ayowa: Gudun Wuce Sa'a

Babu jihar da labarinta ya fi ban tausayi kamar Mishigan. A lokacin da masana'antar ƙera motoci ta Detroit take durƙushewa, dubban ma'aikata suna rasa abin yi, Gwamna Jennifer Granholm ta sa hannu a watan Afrilun 2008 a kan dokar da ke mayar wa masu fim har kashi 42 cikin ɗari na kuɗin da suka kashe, wanda yana cikin mafi tsoka a ƙasar a lokacin. Fina-finai suka yi ta zuwa. Aka gina katafaren situdiyo a garin Pontiac a harabar wani tsohon wurin aiki na kamfanin General Motors, asusun fanshon ma'aikatan jihar kuma ya tsaya wa takardun bashi na dala miliyan 18 da aka ci domin ginin.

Da Rick Snyder ya hau kujerar gwamna a 2011, sai ya rage shirin zuwa dala miliyan 25 a shekara. Masu fim suka fara naɗe kaya. A 2012 situdiyon ya kasa biyan kuɗin ruwan bashin da ke kansa, nauyin ya koma kan asusun fanshon malaman makaranta da sauran ma'aikata. A watan Yulin 2015 aka soke shirin baki ɗaya, ginin kuma daga baya ya koma hannun kamfanin da babu ruwansa da fim. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A jihar Ayowa kuwa rashin tsaro ne ya kashe shirin. An yi alkawarin rangwame da ya kai rabin kuɗin da aka kashe, amma ba a tanadi masu duba takardun da ake kawowa ba. A watan Satumban 2009 Gwamna Chet Culver ya dakatar da shirin bayan an gano cewa har motocin alfarma an saya an sa a cikin lissafin kuɗin fim. Binciken babban mai duba kuɗin jihar ya nuna cewa mafi yawan takardun rangwamen da aka bayar ba bisa ƙa'ida aka ba da su ba, aka gurfanar da mutane da dama gaban kotu. Ita ma Luwiziyana ba ta tsira ba, domin a 2007 tsohon shugaban ofishin fina-finanta ya amsa laifin karɓar cin hanci domin ya amince da lissafin da aka kumbura. A 2015 majalisar jihar, ganin giɓin kasafin kuɗi, ta sanya iyakar dala miliyan 180 a shekara.

Wani abin lura ya faru a jihar Maryland a 2014. Kamfanin da ke shirya wasan talabijin na House of Cards ya rubuta wa Gwamna Martin O'Malley cewa in ba a ƙara masa tallafi ba zai kwashe kayansa ya koma wata jiha. 'Yan majalisa suka fusata, har wasu suka kawo shawarar a ƙwace kadarorin kamfanin in ya tashi tafiya. A ƙarshe dai aka daidaita a kan dala miliyan 11.5. Wannan ya nuna mana inda ƙarfi yake: baƙon da aka yi wa shimfiɗa domin ya zauna shi ne ya koma yana yanke wa mai gida kuɗin zama.

6.0 Jojiya: Nasara da Farashinta

Ba za mu yi adalci ba in muka tsaya a kan waɗanda suka faɗi kawai. A 2008 Gwamna Sonny Perdue na Jojiya ya sa hannu a kan dokar da muka ambata a farko, wato kashi 20 ga duk wanda ya kashe aƙalla dala 500,000, da ƙarin kashi 10 ga wanda ya sa tambarin jihar. Dokar ba ta sanya iyaka a kan jimillar abin da za a iya bayarwa a shekara ba. Ga filin jirgin saman Atlanta, ga arhar fili, ga kuma gwamnatocin da suka biyo baya ba su sauya magana ba. A 2014 aka buɗe situdiyon Pinewood a kudu da Atlanta, wanda aka sauya wa suna zuwa Trilith a 2020, inda aka ɗauki fina-finan kamfanin Marvel da dama. A yankin Atlanta aka yi mafi yawan aikin Black Panther na 2018. A 2019 Tyler Perry ya buɗe nasa situdiyon a tsohon barikin soja na Fort McPherson. Ɗan ƙaramin garin Senoia, inda aka ɗauki The Walking Dead, ya farfaɗo da baƙi masu zuwa ganin wuraren wasan. A 2016 fina-finai 17 daga cikin ɗari mafiya ciniki a Jojiya aka ɗauke su, fiye da ko'ina a duniya.

Masu goyon bayan rangwamen da irin waɗannan hujjoji suke kafa, kuma hujjoji ne na gaskiya. Kafinta da direba da mai dafa abinci da tela da mai gyaran lantarki sun sami aiki, wasunsu sun sayi gidaje sun sa 'ya'yansu makaranta. Tambayar da ta rage ita ce nawa aka biya. A shekarar kuɗi ta 2022 rangwamen da Jojiya ta amince da shi ya kai dala biliyan 1.3. Masu duba kuɗin jihar sun bayyana a 2020 cewa an daɗe ana zuzuta amfanin shirin fiye da yadda yake, wani binciken kuma da aka fitar a ƙarshen 2023 ya nuna cewa santi 19 ne kawai ke komawa baitulmali daga kowace dala da aka bayar. Hukumar harajin Massachusetts ta sami adadi mai kusa da haka a jiharta, wato kimanin santi 14. Haka nan binciken da Michael Thom na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya wallafa a 2016 bai ga wani gagarumin ƙarin aikin yi da shirye-shiryen suka samar a faɗin jihohin ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Wani kaso mai tsoka na kuɗin fim albashin taurari ne da daraktoci waɗanda ba mazauna jihar ba ne. Ayyukan da ake samu yawancinsu na 'yan watanni ne. Wasu fina-finan ko babu tallafi da a jihar za a ɗauke su. Sannan tsarin mulkin kusan dukkan jihohin Amurka ya wajabta daidaita kuɗin shiga da na fita, saboda haka duk dalar da aka ba mai fim, ko dai an rage ta daga makaranta da asibiti da hanya, ko kuma an ƙara wa wani haraji.

7.0 Haraji da Muhallin Labari

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Mukan koya wa ɗalibanmu cewa wuri ginshiƙi ne a cikin labari, cewa marubuci yakan zaɓi gari domin ya dace da jigonsa da halayen taurarinsa. To sai ga shi gajeren labarin F. Scott Fitzgerald na 1922 a kan Benjamin Button, wanda aka gina a birnin Baltimore, da aka mayar da shi fim a 2008 ya koma New Orleans saboda tallafin Luwiziyana, har guguwar Katrina ta 2005 ta shiga cikin labarin. Gran Torino na 2008 an rubuta shi ne a kan al'ummar Hmong ta jihar Minnesota, amma aka mayar da shi yankin Detroit saboda kashi 42 na Mishigan. Shi kuwa Breaking Bad, wanda ya ƙirƙiro shi ya yi niyyar ya faru a Riverside ta Kalifoniya, sai rangwamen New Mexico ya kai shi Albuquerque, hamadar wurin kuma ta zama kamar ɗaya daga cikin taurarin wasan.

Ba mu ce duk wannan sauyi ɓarna ne ba, domin na ƙarshen ma alheri ya zama. Abin da muke cewa shi ne, mai nazarin fim da ya tsaya yana fassara hikimar zaɓen wuri ba tare da ya san dokar harajin wurin ba, yana iya jingina wa marubuci abin da akanta ne ya yanke. Akwai kuma wani ɓangaren. Jihohi da dama sun sa sharaɗi a dokokinsu game da irin abin da za a tallafa, wasu har da hana tallafi ga fim ɗin da ya nuna jihar da mummunar kama. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

8.0 Kammalawa

Gasar ba ta ƙare ba. Arewacin Karolina ta bar nata rangwamen ya mutu a ƙarshen 2014 ta maye gurbinsa da ƙaramin asusu, Florida ta bar nata a 2016. New York kuwa ta ɗaga nata zuwa dala miliyan 700 a shekara a 2023, Kalifoniya ta kai nata dala miliyan 750 a 2025. Ita ma Jojiya ta ɗanɗani abin da ta yi wa wasu, domin kamfanin Marvel ya karkatar da manyan ayyukansa zuwa Ingila, inda aka ɗauki The Fantastic Four na 2025. A watan Mayun 2025 Shugaba Donald Trump ya yi barazanar sanya harajin kashi 100 a kan fina-finan da aka shirya a wajen Amurka. Abin da ya faro da gudun shari'ar Edison ya kai ga zama maganar cinikayya tsakanin ƙasashe.

Mu a nan gida ba baƙin muhawarar tallafa wa masu fim ba ne. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware naira biliyan 3 domin masana'antar, a 2016 kuma aka janye shirin gina ƙauyen fim a jihar Kano bayan suka daga malamai da jama'a. Yanayinmu ya bambanta da na Amurka, domin masu fim ɗinmu, tun daga Turmin Danya na 1990, 'yan gida ne. Duk da haka, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ranar da wata jiha tamu ta yi sha'awar yin irin wannan rangwame, tarihin da muka bibiya ya bar mana tambayoyi huɗu da ya kamata majalisa ta amsa kafin ta sa hannu: nawa ne iyakar abin da za a bayar a shekara, wane ne zai duba takardun kuɗin kuma wa zai duba shi, kashi nawa na albashin zai shiga hannun 'yan jihar, kuma mene ne zai rage a ƙasa ranar da aka daina biya. Ayowa ba ta amsa ta biyu ba, ta ƙare a kotu. Mishigan ba ta amsa ta ƙarshe ba, 'yan fanshonta suka biya.